Darasin Abdel-Kader Zaaf ga masu keke a Kano

A watan Yulin 1950, ana tsakiyar gasar tseren keke ta Tour de France, wasu 'yan Aljeriya biyu, Abdel-Kader Zaaf da Marcel Molinès, suka tsere wa ayari a zangon Perpignan zuwa Nîmes, tafiyar sama da kilomita 200 cikin ƙunar rana. Kafin a kai ƙarshe Zaaf ya faɗi a gefen hanya. Da ya farfaɗo sai ya hau keke ya juya inda ya fito. Molinès ne ya lashe zangon, ya zama ɗan Afirka na farko da ya yi hakan.

An yi ta yaɗa cewa maye Zaaf ya yi, alhali bayanin da ya fi yawa shi ne 'yan kallo ne suka yayyafa masa giya don su farfaɗo da shi. Bai karaya ba. A 1951 ya dawo ya kammala gasar baki ɗaya, duk da cewa shi ne na ƙarshe. Ya rasu a 1986.

Abin lura shi ne Zaaf ya kai Faransa ne saboda akwai ƙungiya da gasanni da suka raine shi a gida. Haka Biniam Girmay na Eritiriya, wanda ya lashe koriyar riga a 2024, ya taso ne a Asmara, inda tseren keke ya zama al'ada. Burkina Faso tana shirya Tour du Faso tun 1987. Najeriya kuwa, sai da Ese Ukpeseraye ta ari keke daga tawagar Jamus a gasar Olamfik ta Paris a 2024.

Kano ba ta da uzuri. Garin shimfiɗe yake, keken Raleigh ya daɗe da zama ɗan gida, matasa kuma ga su birjik. Titunan Nassarawa GRA, irin su Audu Bako Way, suna da faɗi da inuwa. Ya kamata gwamnatin jiha ta riƙa rufe wasunsu ga motoci da safiyar Lahadi, ta kafa gasar makarantu ta shekara-shekara, ta tanadi ruwa da motar asibiti a kowane tsere, domin zafin da ya kayar da Zaaf sananne ne a nan.

Da sanyin safiya ake kama fara. Yaron da ba a ba shi fili yana ɗan shekara 12 ba, da wuya ya zama zakara a 22.