Sisin Gwal Dubu a Aljihun Gaba



Yau kanmu za mu faɗa wa gaskiya. A labaranmu mun iya kwararo dukiya, amma ba mu san nauyinta ba. Alhaji zai zura hannu a aljihun gaba ya zaro sisin gwal dubu, ya miƙa sadaki yana murmushi, mu kuma mu wuce babi na gaba.

To, bari mu auna. Idan tsabar zinari ce irin ta Ingila, kowace ɗaya nauyinta giram 7.98 ne, kaurinta milimita 1.52. Guda dubu kusan kilo 8 ke nan. In aka ɗora su ɗaya bisa ɗaya, tsayinsu zai kai mita ɗaya da rabi. Wane aljihu ne zai ɗauki wannan? Mai sayar da gwal da ya karanta mu zai rufe littafin, kuma ba zai ƙara yarda da mu ba ko a wurin da muka faɗi gaskiya.

Mun san amsar da za a ba mu: "Ai ƙagaggen labari ne, ba darasin lissafi ba." Ƙagaggen labari ma da amanar mai karatu yake tafiya. Wasu kuma su ce Hausa ba ta da kalmomin awo. Wannan ragwanci ne kawai. Kakanninmu sun auna zinari da miskali tun kafin Turawa su iso, giram da milimita kuwa tuni suka zauna a bakin maƙeri da tela.

Abin ma ya wuce labari. Dinarin shari'a, a ƙiyasin da ya fi yaɗuwa, giram 4.25 ne. Rubu'insa, wato mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya, ya ɗan haura giram ɗaya. Dinari 20 na nisabin zakka giram 85 ne. Marubucin da ya cakuɗa waɗannan ya ɓatar da mai karatu a kan abin da ya shafi aurensa da dukiyarsa.

Kuma awon ba wuya. Tsaba ɗaya ta yi siranta ga rula, don haka a jera goma, a auna tsayinsu da milimita, a raba gida goma, kaurin ɗaya ya fito. Nauyi kuwa, ƙaramin sikelin masu gwal ya isa.

Aikin wannan mako: kowa ya lalubo tsabar naira ɗaya ko naira biyu ta 2007, ko tsohon kwabo mai huji a adakar kaka. A auna, a rubuta sakin layi ɗaya da za mu ji nauyin tsabar a tafin hannu, a ajiye shi nan ƙasa. Wanda kuma yake ganin mun yi tsanani, ya zo da hujja, muna saurare.