Kalmar "Jijiya" Ta Yi Wa Ilimi Kaɗan

Ɗalibin kwaleji a Matameye da Faransanci yake koyon sassan jiki, amma a gida kalma ɗaya gare shi: jijiya. Ita ce hanyar jini, ita ce igiyar tsoka, ita ce zaren da ke kai umarnin ƙwaƙwalwa ga gaɓoɓi. Ƙwaƙwalwa kuwa na ɗauke da ƙwayoyin saƙo kimanin biliyan 86, ga wasu ƙwayoyin masu ciyar da su da ba su kariya. Ƙwayoyin saƙo na cikin laka cutar shan inna ke kashewa, ƙafar yaro ta shanye. Uwar da ba ta da sunan abin da ya lalace, iska za ta zarga, ta ƙi rigakafi. Mu ɗaliban harshe, wajibi ne mu raba "jijiyar saƙo" da "jijiyar jini", mu kai su aji da asibiti.