Wasiƙar Kongolam: Damben Ƙattai Na Cikin Keji

Zuwa ga Edita. Wannan mako ina roƙon fili in yi magana bisa wani wasa da ya ɗauke hankalin samarinmu na nan bakin iyaka, watau faɗan nan na cikin keji wanda ake gama dambe da kokawa da shuri a zama guda. Na san akwai malamai da za su ce wannan ba zancen jarida ba ne. To, su yi haƙuri su karanta tukuna.

Ga yadda ake yinsa, don wanda bai taɓa gani ba. Mutum biyu ake sa wa cikin wani fage da aka kewaye da waya, kowa da 'yar safar hannu mara kauri, yatsu a waje. Turmi guda minti 5 ne. Faɗa na kullum turmi 3, na neman kambi turmi 5. Kafin a shiga sai an ɗora kowa a ma'auni, kuma ajin ƙattai, wanda shi ne abin maganata, iyakarsa laba 265, wajen kilo 120 ke nan.

Har zuwa 2024, wani kamfani na Amurka mai suna PFL ya kasance yana shirya gasa ta shekara, wanda ya cinye a ba shi dala miliyan 1. A 2023 wani dogon mutumin Birazil, Renan Ferreira, shi ya ɗauke ta ajin ƙattai. A Fabrairu 2024 kuma ya kashe Ryan Bader cikin daƙiƙa 21. Sa'an nan aka haɗa shi da Francis Ngannou na Kamaru a birnin Riyad, ran 19 ga Oktoba 2024. Masu kallo da yawa sun zaci za a tsaya ne a yi musayar hannu, tun da dukansu an san su da nauyin dunƙule. Ashe ba haka ba. Ngannou ya sunkuya ya kama ƙafafun dogon ya kā da shi, ya danne, ya yi ta sakar masa hannu har alƙalin wasa ya shiga tsakani, turmin fari bai ko ƙare ba.

Jama'a, nan ne abin lura. A damben gidanmu, kadan gwiwar mutum ko hannunsa ya taɓa ƙasa an yi kisa, sai makaɗa su ɗauka. A kokawa ma da an kā da kai magana ta ƙare. Amma a cikin kejin nan faɗuwa ba ta raba faɗa, can ƙasa ake yin rabin aikin. Ɗan damben da ya saba da mashi a hannu guda, garkuwa a ɗayan, in aka kwantar da shi ba abin da zai yi da su.

Ngannou kansa da wuya ya koyi wannan karatu. A Janairu 2018 ya nemi kambin UFC a hannun Stipe Miocic, wanda ma'aikacin kashe gobara ne ban da faɗan. Ya shiga da taƙamar hannu, Miocic kuwa ya yi ta kayar da shi yana danne shi har turmi 5 suka cika, ƙato ya gaji liƙis. Da ya koma sai ya duƙufa kan kokawa. Da suka sake gamuwa a Maris 2021, Kamaru Usman, haifaffen Auchi, gwanin kokawa, yana kusurwarsa. Miocic ya kawo kamu, ya kasa, a turmi na 2 hannu ya same shi. A Janairu 2022 Ciryl Gane na Faransa ya fi shi a turmi biyu na fari, ga ciwo a gwiwar Ngannou, sai kokawar nan ta fid da shi a sauran ukun. Ni a ganina wannan nasara ta fi dukan kashe-kashensa daraja, ko da ya ke 'yan kallo ba su ji daɗinta ba.

To, me ya kai mutumin Kongolam ga wannan zance? Samarinmu sun haddace wani ɓangare na labarin mutumin: yana yaro yana haƙar yashi a garinsu Batie, a 2012 ya bar gida ya ratsa Nijeriya da Nijar da Aljeriya da Maroko, ya haye teku, aka tsare shi wata 2 a Sifen, kana ya isa Faris a 2013. Mu da muke zaune kan hanyar Damagaram mun san irin wannan tafiya, mun kuma san ba kowane mai tafiya ake sake jin ɗuriyarsa ba. Yaro ya ji labarin ya ce shi ma yana da hannu. Amma hannun nan da Ngannou ya ƙetare hamada da shi bai hana Miocic danne shi ba.

Abin da ya tafi nema nesa kuwa, rabinsa yana ƙofar gidanmu. Kudu da mu ƙasar dambe ce, tun zamanin Shago wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa. Arewa da mu ƙasar kokawa ce, inda tun 1975 jihohin Nijar suke gasar takobi, Kantu na Maraɗi ya fara ɗaukarsa a Tawa. Lalle kokawar gargajiya ba ta koyar da faɗan ƙasa, amma tana koya wa mutum tsayuwa da ƙafafunsa, da yadda zai hana a ɗauke shi.

Saboda haka ina roƙon masu gidajen dambe na ƙasar Daura, da sarakunan fawa, su duba ko bayan kaka za su gayyato 'yan kokawar Damagaram su zauna da yaranmu ko da mako 2 ne. Su kuma sayi ma'auni, su bar haɗa ɗan kilo 65 da mai kilo 100 don a ga jarunta. Wanda yake da wata shawara daga cikin masu karatu, ya rubuto mu ji.

Wasalam. Naka, Ɗan Kallo, Kongolam.