Sharhi: Araha da tsadar digirin kwamfuta ta intanet ga masu komawa karatu da girma

Tallace-tallacen jami'o'in da ke koyar da ilimin kwamfuta ta intanet sun cika shafukan sada zumunta a Najeriya, kuma akasarinsu na zawarcin rukuni guda ne na jama'a: ma'aikata da 'yan kasuwa da matan aure da suka bar makaranta da jimawa, suke son komawa ba tare da sun ajiye aiki ko sun bar iyali ba. Kowane talla na alƙawarin sauƙin kuɗi da sauƙin lokaci. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi, amma wanda ya koma karatu yana da shekara 35 ko 40 yana biyan kuɗin makaranta ne daga aljihun da yake ciyar da gida. Idan ya yi zaɓen tumun dare, asarar takan shafi iyalinsa baki ɗaya.

Saboda haka tambayar da ke gabansa ta wuce ta wace jami'a ce ta fi rangwame. Ana gane digiri mai araha ne da abubuwa uku: hukuma ta amince da shi, mutum ya iya biyan dukan kuɗinsa daga farko har ƙarshe, kuma tsarin karatun ya ba shi damar kammalawa. Idan ɗaya ya ɓace, sauran biyun ba za su amfane shi ba.

Abin da ya jawo gogoriyon

Dalilan da suka sa ake rububin wannan fanni a bayyane suke. Kusan ɗalibai miliyan biyu ke zana jarrabawar JAMB a kowace shekara, guraben jami'o'in da ake zuwa aji kuwa ba sa ɗaukar su duka, balle su ɗauki magidancin da ba zai iya zaman ɗakin lacca da safe ba. A ɗaya ɓangaren, bankuna da kamfanonin sadarwa da ma'aikatun gwamnati na ƙara dogaro da manhajoji da rumbunan bayanai. A ƙarshen 2023 Ma'aikatar Sadarwa da Ƙirƙire-ƙirƙire da Tattalin Arzikin Zamani, ƙarƙashin Minista Bosun Tijani, ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da mutum miliyan uku a fannonin fasaha.

Ita ma Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta sauya fasalin karatun. A sabuwar manhajar karatu da ta fitar a Disamban 2022, ta ware ilimin kwamfuta a matsayin fanni mai zaman kansa, da rassa irin su kimiyyar kwamfuta, tsaron intanet, kimiyyar sarrafa bayanai da injiniyancin manhaja. Wannan ya buɗe ƙofofi, ya kuma ƙara wa mai zaɓi ruɗani, domin sunayen kwasa-kwasan sun yi kama da juna alhali ayyukan da suke kaiwa gare su sun bambanta.

Tantancewa kafin komai

Darasin da ya fi kowanne tsada a wannan fage ya fito ne daga Kwatano. A Disamban 2023 jaridar Daily Nigerian ta wallafa binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya samo takardar digiri daga wata makaranta a Jamhuriyar Benin cikin makonni shida ba tare da ya shiga aji ba, har ya yi amfani da ita ya shiga shirin yi wa ƙasa hidima. A farkon Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. A watan Agustan shekarar, Ministan Ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya bayyana cewa an gano takardun bogi fiye da 22,000 daga ƙasashen biyu.

Matakin ya faɗa wa masu sayen takarda da gangan, ya kuma rutsa da waɗanda suka yi karatu da zuciya ɗaya a makarantun da ba su da rajista. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Wani misalin ya faru a cikin gida. A 2023 Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, ta sanar da shirin shekara ɗaya ta intanet, tare da wasu jami'o'in ƙetare, domin masu babbar difloma ta HND su mayar da ita digiri. Ba a jima ba NUC ta fito ta ce ba ta amince da shirin ba, tana mai cewa ita ce doka ta ɗora wa alhakin tsara ƙa'idojin digiri a ƙasar. Idan hukumomi biyu na gwamnati ɗaya za su saɓa a kan takarda, to bai kamata ɗalibi ya dogara da kalaman mai talla ba.

Akwai matakan amincewa guda uku da ake yawan cakuɗawa. Na farko, jami'ar ta kasance tana da lasisin NUC. Na biyu, an ba ta izinin koyarwa daga nesa, domin ba kowace jami'a mai lasisi ke da wannan izini ba. Na uku, kwas ɗin da mutum yake so shi kansa ya samu amincewa. Jami'a na iya cika sharaɗin farko ta gaza a na uku. NUC na wallafa jerin jami'o'i da cibiyoyin karatu daga nesa da ta amince da su a shafinta na intanet, kuma duba shi bai kai kuɗin katin waya ba.

Zaɓin da ke cikin gida

Babbar ƙofa ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, NOUN. An kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sannan gwamnatin Olusegun Obasanjo ta farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Hedikwatarta na Jabi a Abuja, tana da cibiyoyin karatu sama da 100 a faɗin ƙasar. Ana biyan kuɗinta da naira, zango bayan zango, gwargwadon yawan kwasa-kwasan da ɗalibi ya yi wa rajista, kuma ana iya sauke littattafan darussanta kyauta. Sai dai ba dukan harkokinta ake gamawa daga ɗaki ba: ana zana jarrabawar ƙarshen zango ne a cibiyoyin karatu, don haka wanda ke nesa da cibiya sai ya sa kuɗin mota da na masauki cikin lissafi.

Rukuni na biyu shi ne cibiyoyin karatu daga nesa na tsofaffin jami'o'i, irin su Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da ta Ibadan, da ta Legas, da ta Maiduguri. Fa'idarsu ita ce sunan jami'ar da masu ɗaukar aiki suka daɗe da sani. Amma ba kowace cibiya ke koyar da kwamfuta ba, kuma wasu na buƙatar ɗalibi ya halarci harabar jami'a na wasu makonni.

Rukuni na uku sabo ne. A 2023 an ba wasu jami'o'in karatu daga gida masu zaman kansu lasisi, ciki har da Miva a Abuja da Iconic a Sakkwato. Irin waɗannan an gina su ne a kan intanet tun daga tushe, kuma kuɗin jami'a mai zaman kanta ya saba ɗara na gwamnati. Ƙuruciyarsu na nufin kasuwar aiki ba ta gama gwada ɗalibansu ba tukuna.

A duk inda mutum ya nufa, sharaɗin shiga digirin kimiyyar kwamfuta yakan haɗa da kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, ciki har da Turanci da Lissafi da Fiziks, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Wanda ya karanta fannin adabi ko kasuwanci a sakandare zai iya buƙatar sake zana jarrabawa a matsayin ɗalibi mai zaman kansa. Mai difloma ko takardar NCE a fannin da ya dace kuwa zai iya neman shiga kai tsaye a aji biyu, abin da ke rage masa kuɗi da wahalar shekara guda.

Lissafin dala

Jami'o'in ƙetare na da nasu farin jinin. University of the People da ke Amurka, wadda aka kafa a 2009, ba ta karɓar kuɗin koyarwa, amma tana karɓar kuɗin jarrabawa da ya haura dala 100 a kan kowane kwas, kuma digirin farko na ɗauke da kwas 40. Jimilla ta haura dala 4,000 ke nan. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira a Yunin 2023, lokacin da dala take kusan naira 460 a hukumance, dala 4,000 ba ta kai naira miliyan biyu ba. Da dala ta haura naira 1,500 a 2024, sai ta koma sama da naira miliyan shida, wato albashin fiye da shekara bakwai ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Digirin kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Landan da ake yi ta dandalin Coursera kuwa ya haura fam 10,000.

Haɗarin a nan shi ne ɗalibi na samun kuɗinsa da naira amma bashin da ke kansa na dala ne, na tsawon shekara huɗu ko fiye. Faɗuwar naira sau ɗaya ta isa ta tsayar da karatun a tsakiya. Bayan haka, takardar ƙetare sai ta bi ta tantancewar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya kafin a yi aiki da ita a hukumance. Hukumar NYSC ma takan nemi waɗanda suka yi karatu a waje su gabatar da fasfo mai nuna biza da ranakun fita da dawowa, abin da wanda ya yi karatu daga ɗakinsa a Gusau ko Lafiya ba shi da shi. Ga mai neman aiki a kamfanin fasaha mai zaman kansa, inda akan fi duba abin da mutum ya iya, wannan ba lalle ya zama cikas ba. Ga mai neman ƙarin girma a aikin gwamnati, babban al'amari ne da ya kamata ya nemi amsarsa a rubuce kafin ya biya ko sisi.

Kuɗin da ba ya cikin talla

Ba a koyon rubuta manhaja da wayar hannu kaɗai. Ana buƙatar kwamfutar tafi-da-gidanka mai ɗan ƙarfi, wadda farashinta ke bin dala ko da ta hannu ce. Ana buƙatar data mai yawa domin laccocin bidiyo, kuma a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin 100. Ana buƙatar wuta: a Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin lantarki na rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane yunit, waɗanda ba sa cikin rukunin kuma sun dogara da janareta ko sola, ga shi man fetur ya yi tashin gwauron zabi tun bayan cire tallafi a Mayun 2023.

Asusun Lamunin Karatu na Ƙasa, NELFUND, da ya fara karɓar buƙatu a Mayun 2024, an tsara shi ne domin ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Wanda ya zaɓi jami'a mai zaman kanta ko ta ƙetare kada ya sa shi cikin lissafinsa.

Batun hidimar ƙasa ma na buƙatar kulawa. Wanda ya haura shekara 30 a lokacin kammala digiri ana ba shi takardar yafewa, waɗanda suka yi karatu na wucin gadi kuma akan ba su wasiƙar da ke nuna an keɓe su daga shirin. Ya dace ɗalibi ya tambayi jami'a tun farko wacce daga ciki ɗalibanta ke samu. Ma'aikacin gwamnati kuma ya nemi izinin karatu a rubuce daga ma'aikatarsa, domin kada ya kammala a ce ba za a lissafa masa takardar ba.

Kammalawa ita ce riba

Babbar matsalar karatu daga nesa a ko'ina cikin duniya ita ce yawan masu yankewa a hanya. Babu malamin da zai lura da kujerar da ba kowa a kanta, kuma magidanci na raba darensa tsakanin gajiyar aiki, hidimar yara da littafi. Kimiyyar kwamfuta kuma cike take da lissafi, wanda mai shekara 20 rabonsa da aji zai iya tarar ya yi masa nauyi. Duk kuɗin da aka biya a shekara biyu sannan aka daina, ya tafi ke nan.

Akwai hanyar gwaji da ba ta cin komai sai data. Jami'ar Harvard na bayar da darasinta na share fagen kimiyyar kwamfuta, CS50, kyauta ta intanet, littattafan NOUN ma a buɗe suke. Wanda ya iya ware sa'o'i goma a mako na tsawon wata biyu a kan irin waɗannan, ya san zai iya ɗaukar nauyin digiri. Wanda ya kasa, ya tsira da kuɗinsa, kuma zai iya fara da gajeren horo na wata uku zuwa shida, musamman idan burinsa sana'a ce ba ƙarin girma a ofis ba.

Akwai kuma aiki a gaban hukumomi. Muddin NUC da NBTE da NYSC da Ma'aikatar Ilimi ba su fitar da matsaya guda a bayyane kan digirin intanet ba, musamman na ƙetare, dillalan takardun bogi za su ci gaba da cin kasuwarsu a cikin wannan duhu. Wallafa jerin kwasa-kwasan da aka amince da su cikin harsunan gida, da tilasta wa jami'o'i bayyana cikakken kuɗin digiri daga ajin farko zuwa na ƙarshe, za su rage yawan waɗanda ake damfara.

Kafin a kai ga haka, nauyin bincike na wuyan ɗalibi. Ga mafi yawan ma'aikatan da ke karɓar albashi da naira, jami'ar cikin gida da NUC ta amince da kwas ɗinta, wadda ake biya zango-zango kuma take da cibiyar jarrabawa a kusa, ita ce ta fi kusa da ma'anar araha, ko da tallarta bai kai na saura ƙyalli ba.