Kurakuran Rubutun Ingilishi da Hanyar Kauce Musu

Zuwa ga Edita,

Mai wannan wasiƙa yana roƙon fili domin jan hankalin malamai kan kurakuran rubutun Ingilishi, waɗanda ke cinye makin ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO, alhali tushensu sananne ne.

Hausa ana rubuta ta kusan yadda ake furta ta, amma rubutun Ingilishi ya soma tsayawa wuri ɗaya bayan William Caxton ya kafa maɗaba'a a Ingila a shekarar 1476, furuci kuwa ya ci gaba da sauyawa. Shi ya sa kunne kaɗai ba ya raba kalmomi masu sauti ɗaya da ma'ana dabam, kamar their mai nuna mallaka da there mai nuna wuri, ko principal, wato shugaban makaranta, da principle, wato ƙa'ida. Haka kuma, tun da Hausa ba ta bambanta sautin p da f, ɗalibi yakan rubuta full, wato cikakke, inda yake nufin pull, wato ja. Ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 kuwa ya yaɗa tsarin Amurka irin su color a maimakon colour na Birtaniya, wanda makarantun Nijeriya suka gada, kuma bai kamata a gauraya tsarin biyu a rubutu ɗaya ba.

Maganin shi ne malamai su farfaɗo da shifta kowane mako, su koyar da kowace kalma cikin jimla domin ma'ana ta ja ragamar rubutu, ɗalibai kuma su riƙa duba ƙamus kafin su amince da gyaran da waya ke yi musu.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Zariya