Ba ƙiwar yarinya ba ce, rashin iya sana'a ne

Washegarin ƙaramar sallah na ɗauki 'yata, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, muka bar Rurum Sabon Gari zuwa Rano don a yi mata hoto. Uwarta ta sha wahalar kwalliya: wanka, kwalli, lalle, ɗan kwali. Da hantsi muka isa shagon, yarinya sai dariya take. Mai hoto ya karɓi kuɗinsa cif, sannan ya ce mu ɗan jira, yaronsa ya tafi sayo man janareto. Wannan ɗan jiran bai ƙare ba sai da aka kira azahar. Ɗaki kamar tanda, ko mafici babu. Kafin inji ya tashi kwalli ya zazzago, yunwa da barci sun haɗu. Mai hoton ya ɗora ta kan wata doguwar kujera, ya daka mata tsawa: "Ke, kalli nan!" Ya haske mata ido da fitila, ta ɓarke da kuka. Ya danna sau uku, ya juyo ya ce, "Malam, 'yar taka ƙiwa gare ta."

Da na koma karɓa, an goge fuskar a kwamfuta har ta yi fari fat, an manna mata wani benen Dubai a baya. Kakarta ta daɗe tana juya hoton kafin ta tambayi ko 'yar wa ce.

Duk wanda na ba labari, amsa ɗaya ce: "A yi haƙuri, sha'anin yara sai a hankali." To ni ban yarda ba.

Yaron da ke tsakanin tatata da yaye dole ya yi ƙiwa, kowace uwa ta san haka. Wanda ya buɗe shago ya karɓi kuɗin hoton yaro, ya karɓa ne har da ƙiwar. Lallashi rabin aikin ne. Matan da ke bi gida gida suna ɗiga maganin shan inna sun san yadda ake durƙusawa a yi wa yaro wasa har ya buɗe baki. Wanzami ma, da askarsa a hannu, yana da dabararsa. Tela kuwa in ya ɓata shadda, ba ya cewa shaddar ce mai santsi. Sai mai hoto kaɗai muka yarje wa ya ɗora laifinsa a kan wadda ba ta iya magana ba.

A Bamako an yi wani mai hoto, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948. Yawanci da hasken rana yake aiki a tsakar gida, yana ajiye rediyo da keke da agogo don mai zuwa ya riƙe ko ya jingina, ya saki jiki. Ya rasu a 2001, kuma har yau manyan gidajen tarihi na Faransa da Amurka suna baje hotunansa. Ba shi da kwamfuta. Ido gare shi, da sanin darajar wanda ya zauna gabansa.

Haƙurin da ake ta jefa mana kuma, gefe ɗaya yake gangarawa. Da na rage naira ɗari a kuɗin, da hoton nan bai bar shagon ba. Addinin da ya hore mu da haƙuri a kan ƙaddara shi ne ya hana algus da tauye mudu, amma wannan rabin ba a cika tunawa da shi a bakin shago ba. Na san mai ya yi tsada tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, kuma wuta sai an ga dama. Sai dai faɗin "ku je ku dawo bayan la'asar" ba ya shan ko lita ɗaya, haka ma sassauta murya.

Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta ce wanda ya biya kuɗin aiki yana da haƙƙin a yi masa a kan lokaci kuma da inganci, in ba haka ba a gyara ko a maido masa da wani abu. Kano ma tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye. Amma wa zai tashi daga Rurum ya kai ƙarar hoto birni? Kuɗin mota ya ninka na hoton. Ƙarfinmu yana aljihunmu da bakinmu.

Iyayen Rurum da Rano da Kibiya, kada ku ƙara biyan kuɗi duka tun ba a kunna inji ba. Ku ba da rabi, ku ce a nuna muku hoton a kyamara kafin a wanke. Wanda ya daka wa ɗanku tsawa, ku saɓa abinku ku fita, kuma ku faɗa a majalisa.