Tarihi a Ƙofar Gida: Da Wanda Ya Yaƙi Bature da Wanda Ya Karɓe Shi

Yau filin namu zai soma ne daga bakin kanal. Ruwan da ke shayar da shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da gonakin Bunkure daga dam ɗin Tiga yake gangarowa, Tiga kuwa a ƙasar Bebeji take. To a garin Bebejin nan ne Turawa suka fara harba igwa a ƙasar Kano, ranar 1 ga Fabrairu 1903. Rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, mutanen Bebeji suka rufe ƙofar ganuwa suka ƙi buɗewa, igwa ta fasa ƙofar, Sarkin Bebeji ya rasu a wurin. Kwana biyu bayan haka, ranar 3 ga wata, birnin Kano ya faɗi.

Ga abin da ba a cika faɗa mana ba. Turawan da ke cikin wannan runduna ba su kai arba'in ba. Sauran sojojin, sama da ɗari bakwai, baƙar fata ne 'yan ƙasar nan, da yawansu ma Hausa suke ji. Su suka ja igwa, su suka riƙe bindiga mai ruwa. Tun kafin nan kuma akwai masu kai wa Turawa labari. Wanda ya fi suna shi ne Adamu Jakada, ɗan kasuwa da ya yi wa Turawa aikin manzanci, yana shiga garuruwa yana komawa da rahoton halin da sarakuna ke ciki. Ashe Bature bai ci Kano shi kaɗai ba, kuma da shi kaɗai ne da bai iya ba.

Lokacin da birni ya faɗi Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan hakimansa da yawan dakarunsa. Sarkin Shanu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya yi yaƙi har ya mutu yana kare gidan sarki. A hanyar dawowa labari ya iske ayarin Kanawa, Alu ya rabu da jama'arsa cikin dare, daga baya aka kama shi aka kai shi Lakwaja, can ya rasu a 1926. Sai ayarin ya rabu biyu, kuma 'yan gida ɗaya ne suka ja kowane ɓangare. Waziri Ahmadu ya ce sai yaƙi, ya gwabza da Turawa a Kwatarkwashi, ya kwanta dama a fagen fama. Wambai Abbas kuwa ya jawo sauran jama'a zuwa Kano ya miƙa wuya, a farkon Afrilu Gwamna Lugga ya naɗa shi Sarkin Kano. Ya yi sarauta har 1919.

In aka kawo wannan labari a aji, hannu kan tashi da sauri: Ahmadu jarumi, Abbas ya ba da kai. Mu dai muna ganin a sassauta gaggawa. Jaruntar Waziri Ahmadu ba ta da ja. Amma ku tuna wa ke cikin ayarin nan. Akwai mata da yara da barori da malamai, gidajensu da rumbunansu na Kano a hannun mai igwa. Mashi da kibiya sun riga sun gwada ƙarfinsu da bindiga mai ruwa a Bebeji da Kano, an ga yadda ta kaya. Ku tuna kuma shekara goma kacal kafin nan Kanawa suka shiga yaƙin basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa, jama'a ta sha wuya ba kaɗan ba. Mutumin da ya dubi wannan taro ya ce a koma gida, ba lalle ne tsoro ko kwaɗayi kaɗai ke tura shi ba.

A Sakkwato ma haka aka rabu. Bayan an ci birnin ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas, dubban mutane suka bi shi, har ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli. Waziri Buhari ya tsaya ya yi sulhu. Abin ya dame shi har ya nemi fatawar malamai, ya kuma rubuta takarda yana bayyana hujjarsa: in shugabanni duka suka tafi, wa za a bar wa talakawa da masallatai da makarantu? Kuma Turawa sun yi alkawarin ba za su hana salla ba. Ko mutum bai gamsu da hujjar ba, ya san mai rubuta irin wannan takarda bai yi barci mai daɗi ba.

Sai dai kada mu wanke kowa da sabulu ɗaya. Miƙa wuya a ranar da aka fi ƙarfinka daban, abin da ka yi da kujerar bayan nan daban. Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai Bature ya karɓi haraji da jangali, kuma talaka a ƙauye ya fi ganin dogari fiye da Joji ko Razdan. A 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka yi bore suka kashe wasu jami'an Turawa. Da aka zo murƙushe su har da dawakan Sakkwato a cikin rundunar, aka kashe mutane wajen dubu biyu, aka shafe garin. A nan hujjar kare talakawa ta yi rauni ƙwarai, don talakawan ne aka kashe.

Wannan rikici ba namu ne mu kaɗai ba. A daidai waɗannan shekaru, can ƙasar Filifin a kudu maso gabashin Asiya, inda su ma shinkafa ce abincinsu, an yi irinsa. Emilio Aguinaldo ya shelanta 'yancin ƙasarsa daga Sifaniya ranar 12 ga Yuni 1898, amma Sifaniya ta miƙa tsibiran ga Amurka a kan dala miliyan 20, sai yaƙi ya koma tsakanin 'yan ƙasa da Amurka. A Maris 1901 aka kama Aguinaldo a Palanan, kuma ta hanyar dabara: sojojin Filifin 'yan garin Macabebe da ke yi wa Amurka aiki suka yi shigar mayaƙansa, suka zo kamar sun kamo fursunonin Amurkawa, aka buɗe musu hanya. Ba da jimawa ba shi kansa Aguinaldo ya yi rantsuwar biyayya ga Amurka. Da Japan ta mamaye ƙasar a yaƙin duniya na biyu, Jose Laurel ya karɓi shugabanci a ƙarƙashinta a 1943, yana cewa don ya rage wa mutane azaba ne, irin maganar Waziri Buhari. Aguinaldo ma an tuhume shi da haɗa kai da Japan. Ƙasar ta sami 'yanci a 1946, a 1948 aka yi afuwa ga masu irin wannan tuhuma, amma har gobe masana tarihinsu na gardama a kai. Ku lura, mutum ɗaya ne ya zama gwarzon 'yanci, ya zama mai rantsuwar biyayya, ya zama wanda ake tuhuma.

Shi ya sa kalmar "maci amana" take da nauyi, bai kamata a riƙa jifa da ita kamar ƙwallon goruba ba, balle a jefi jikan wani da ita a filin makaranta. In kuna muhawara a aji, ku tambayi lokacin da mutum ya koma wajen baƙon: kafin yaƙi, yana sayar da sirrin garinsu, ko bayan ganuwa ta faɗi? Ku tambayi abin da ya samu, da wanda ya biya kuɗin. A ma'auninmu mai kai rahoto don lada ya fi kowa nauyin laifi. Sojan da ya shiga bariki kuwa sai an duba labarinsa, don wasunsu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu, ba su da dalilin kare mulkin da ya bautar da su.

Ga aikin wannan mako. Ɗaliban Kura da Bunkure da Garun Malam da Bebeji, ku sami tsofaffin garinku ku tambaye su abin da kakanninsu suka ba su labari game da shekarar zuwan Turawa: wa ya gudu, wa ya tsaya, wa aka naɗa, wa aka tuɓe? Ku rubuta yadda aka faɗa muku, ku sa sunan gari da na makarantarku, ku ba malamin tarihi ya duba kafin ku aiko mana. Waɗanda suka fi tsari za mu buga su a wannan fili.